Muhammad Al-Kashinawi: Malamin Katsina da ya nemi sirrin halitta a cikin lambobi

A shekarar 1154 bayan Hijira, daidai da 1741, wani malami baƙo ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masana falaki na Masar a wancan zamani. Kafin cikawarsa ya yi wasiyya cewa mai masaukinsa ya kula da littattafansa da abin da ya bari. Sunan malamin Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafulatanin Katsina.

Da yawa daga cikin mutanen ƙasar da ta haife shi ba su taɓa jin sunansa ba, alhali fannin da ya shahara da shi yana nan da rai a zaurukan malamai daga Katsina har Maraɗi. Duk wanda ya taɓa ganin malami ya zana hatimi a kan allo, ya raba shi gida tara, ya cika gidajen da lambobi, ya ga ɓurɓushin ilimin da Al-Kashinawi ya ƙare rayuwarsa a kai.

Katsinar da ya tashi a cikinta ta fi ta yau faɗi. Ƙasar ta miƙa arewa har yankin da yanzu yake jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, kuma can ne sarakunan Katsina na Haɓe suka koma bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19. Madarunfa, mai tafkin nan da kushewun waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta, wanda Nijar ta sa a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su tun 2006, tana cikin wannan daɗaɗɗiyar ƙasa. Saboda haka mutanen Madarunfa suna da rabo a cikin wannan malami kamar yadda mutanen Ƙofar Sauri suke da shi. Birnin Katsina kuwa ya riga ya yi suna da ilimi kafin zuwansa, da hasumiyar Gobarau da manyan malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, waɗanda suka rayu a ƙarni na 17.

Mafi yawan abin da aka sani game da karatunsa ya fito ne daga littafin tarihin Masar na Abdurrahman al-Jabarti, ɗan mai masaukin nasa. Abin lura shi ne an haifi Abdurrahman fiye da shekara 10 bayan rasuwar baƙon, amma labarinsa bai gushe a gidan ba har yaron ya girma ya rubuta shi a sahun manyan malaman Masar. A cikin malaman da ya lissafa masa akwai Muhammad al-Wali, Bafulatanin Bagirmi wanda ya yi fice a ilimin tauhidi, da Shehu Muhammad Bindu, wanda a wurinsa ya sha hisabi da ilimin hatimai da sanin lokuta. Ke nan da iliminsa ya isa gabas, kuma a makarantun ƙasar Sudan ya samo shi.

Ya yi aikin Hajji wajen 1730, ya zauna a Hijaz na wani lokaci, sannan ya wuce Alƙahira. A 'yan shekarun nan ya rubuta littattafan da suka ɗaukaka sunansa. Akwai Bahjatul Afaƙ, kan ilimin haruffa da hatimai, wanda ya kammala wajen 1732. Akwai Ad-Durrul Manzum, kan taurari da ɗalasimai, wanda ya gina a kan As-Sirrul Maktum da ake jinginawa ga Fakhruddin ar-Razi, ya kuma ƙarasa shi a Alƙahira bayan shekara ɗaya ko biyu. Ya yi rubutu kan nahawu da manɗiƙi ma, sai dai waɗancan biyun aka fi nema.

To mene ne hatimin, har mutum mai zurfin karatu zai ba shi shekarunsa?

A ɗauki mafi ƙanƙanta, mai gida uku a tsaye uku a kwance. A layin farko a rubuta 4, 9, 2. A na biyu 3, 5, 7. A na uku 8, 1, 6. Duk ta inda aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Mai gida biyar-biyar yana ba da 65, mai bakwai-bakwai 175, mai tara-tara 369. Cika mai gida tara abu ne da yaro zai iya da lalube. Cika mai gida 81 ba ya yiwuwa sai da ƙa'ida, kuma ƙa'idojin nan Al-Kashinawi ya tattara ya bayyana, musamman na hatiman da adadin layukansu mara ne, wato uku, biyar, bakwai da sauransu. Wannan ɓangare na aikinsa lissafi ne tsantsa. Ɗalibin jami'a na yau zai iya bin matakan ya samu amsa daidai, ko ya yarda da sirrin haruffa ko bai yarda ba.

Amma shi ba don wasa ƙwaƙwalwa ya yi ba. A lissafin abjadi kowane harafin Larabci yana da adadinsa. Lambobin da ke kusurwoyin hatimin can, 2 da 4 da 6 da 8, su ne ba da dal da waw da ha, shi ya sa ake kiransa buduhu. Idan aka tara lambobin tara gaba ɗaya za a samu 45, wanda shi ne adadin sunan Adamu a rubutun Larabci, kuma shi ne adadin Zuhal. Jimillar kowane layi kuwa, 15, ita ce adadin sunan Hauwa'u. Masu wannan fanni sun raba hatimai bakwai ga taurari bakwai: mai uku ga Zuhal, mai huɗu ga Mushtari, haka har mai tara ga wata. A ganinsu wannan dacewa ba banza ba ce. Sama da ƙasa, harafi da adadi, jiki da ruhi, duk saƙa ɗaya ce daga Mahalicci ɗaya, kuma wanda ya san inda zaren ya bi zai iya taɓa nan ya motsa can. Shi ya sa Al-Kashinawi ya riƙa yi wa almajiri gargaɗin ya yi aikin a ɓoye, kada ya baza shi ga kowa, kada kuma ya karaya idan bai ga biyan buƙata da wuri ba.

Ba duk malamai suka amince ba. Tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya sa ilimin haruffa a kusa da sihiri. Shehu Usman Ɗanfodiyo ya soki duba da neman sanin gaibu ta hanyar taurari ko bugun ƙasa. Duk da haka a cikin gidan Shehun aka samu jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda ya rasu a 1864, ya yi zurfi a falsafa da sufancin Ibn Arabi mai magana kan kaɗaitakar samuwa. Gardamar ba ta mutu ba har yau, ana jin ta a wa'azi da gidajen rediyo a Maraɗi da Katsina.

Kwanan nan ta sake fitowa da sabuwar riga. A Facebook da YouTube ana yawan cin karo da masu cewa fiziks na zamani, musamman fannin kwantam mai nazarin abin da ya fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, ya tabbatar da cewa hankali guda ne ya game halitta, don haka abin da malaman sirri suka faɗa tun da can kimiyya ce. Maganar tana da ɗan tushe. Erwin Schrödinger, ɗan Ostiriya da ya fitar da ƙa'idar lissafin kwantam a 1926 ya kuma samu kyautar Nobel a 1933, ya yi imani cewa hankali ɗaya ne, yawansa a ido ne kawai. Ya ɗauko ra'ayin daga tsofaffin littattafan Indiya, har ya kafa hujja da wani sufin Farisa, Aziz Nasafi, a littafinsa na 1958. Sai dai shi kansa ya ajiye wannan a matsayin falsafarsa. Babu inda ƙa'idar lissafinsa ta ambaci hankali. Haka gwajin da ya sa aka ba Alain Aspect da John Clauser da Anton Zeilinger kyautar Nobel a 2022: ya nuna ƙwayoyi biyu da suka taɓa haɗuwa suna ci gaba da dacewa a sakamakon awo ko da sun yi nisa da juna, amma ba a iya aika saƙo da wannan dacewa, balle a ce tunanin mutum ke juya ta.

A nan ya kamata a yi wa Al-Kashinawi adalci, ba tare da an ɗora masa abin da bai ce ba. Zatonsa na asali, cewa an gina halitta a kan adadi da tsari, shi ne zaton da fiziks ya ginu a kai, kuma a zamaninsa ba shi kaɗai ya haɗa shi da neman ɓoyayyun abubuwa ba. Johannes Kepler, wanda ya gano yadda duniyoyi ke kewaya rana, ya yi wa manya duban taurari. Isaac Newton, da ya rasu a 1727, 'yan shekaru kafin Bakatsinen ya isa Makka, ya bar tarin rubuce-rubuce kan alkimiyya. Inda hanya ta rabu shi ne gwaji. Tsarin hatimi bakwai ga tauraro bakwai ya dogara ne da abin da ido ke gani. Shekara 40 cif bayan rasuwarsa, a 1781, William Herschel ya hango Uranus da madubin hangen nesa, a 1846 kuma aka gano Neptune bayan lissafi ya nuna inda za a duba. Lissafin hatimin bai girgiza ba, 15 tana nan 15. Jingina shi da taurari ne ya rasa madafa.

Gidan da ya rasu a ciki ya ga wannan sauyi da idonsa. Hasan al-Jabarti mutum ne mai son kayan awo, yana ƙera agogon rana, ɗalibai na zuwa gidansa koyon falaki da handasa. Bayan sojojin Faransa sun mamaye Masar a 1798, ɗansa Abdurrahman ya shiga cibiyar binciken da suka kafa a Alƙahira, ya kalli yadda suke haɗa sinadarai, ya ga na'urar da ke sa lantarki ya girgiza jikin mutane, ya rubuta abin da ya gani a littafin nan da ya adana labarin baƙon mahaifinsa.

An binne Al-Kashinawi a Alƙahira, bai koma gida ba. Littattafansa sun bazu a hannun marubuta, an buga Ad-Durrul Manzum a Masar a ƙarni na 20, kuma akwai kwafin rubutun hannu na aikinsa kan hatimai a ɗakin karatu na makarantar SOAS da ke Landan. A 1973 wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta yi bayanin hanyoyinsa a littafinta Africa Counts.