Labarin Bishop Samuila Ajayi, Yaron da Aka Musanya da Doki

 Akwai wata tambaya da ba a rasa jinta a garuruwanmu na bakin Kwara, ko a Dole Kaina, ko Lolo, ko Bagudo. Sa'ad da ruwa ya cinye shinkafa tana gab da nuna, ko jirgi ya kife da 'yan kasuwa, ko zazzaɓi ya ɗauke yaro cikin kwana biyu, mutum yakan tambayi kansa, in Allah mai ƙauna ne, mai iko duka kuma, don me ya bar wahala a duniya? Sabon mai bi kuwa tasa tambayar ta fi nauyi, gama sau da yawa danginsa sukan juya masa baya, kowace masifa kuma ta same shi sai a ce alhakin barin hanyar iyaye ne. Domin wannan zan ba ka labarin wani bawan Allah wanda ya sha wuya tun yana yaro har ya tsufa, ya kuwa yi aikinsa a bakin wannan kogi namu, can gangare wajen Jebba da Lakwaja. Sunansa Samuila Ajayi Crowther.

An haife shi a wani gari na ƙasar Yarabawa da ake kira Oshogun, wajen shekara ta 1809. A zamanin nan mulkin Oyo yana rushewa, yaƙi ko'ina, kamun bayi ya zama sana'a. Cikin 1821, wata rana da safe mata na shirya abin karin kumallo, sai mayaƙa suka kewaye garin, suka sa masa wuta. Aka kama Ajayi da uwarsa da ƙannensa mata, aka sa musu igiya a wuya. Ubansa kuwa, tun daga ran nan bai sake ganinsa ba. Da aka zo rabon ganima aka raba shi da uwarsa, aka ba da shi a bakin doki guda. Bayan wajen wata biyu dokin bai gamshi wanda ya karɓa ba, aka warware ciniki, aka mai da yaron. Daga nan ya yi ta wucewa hannu zuwa hannu, kasuwa zuwa kasuwa, har aka musanya shi da taba da barasa. Baƙin ciki ya yi masa yawa har ya nemi ya shaƙe kansa da ɗamararsa, amma Allah ya tsare ransa. A ƙarshe aka sayar da shi ga Turawan Fotugal a Ikko, aka ɗaure shi da sarƙa tare da manyan mutane.

Tsaya nan ka duba, ɗan'uwana. Wa ya ƙone Oshogun? Wa ya auna ran yaro da doki? Hannun mutane ne, da kwaɗayin mutane. Littafi Mai Tsarki ya koya mana Allah ya halicci duniya da kyau, ya ba mutum hankali da ikon zaɓi. Kakanmu Adamu ya zaɓi rashin biyayya, zunubi ya shigo, mutuwa ta biyo shi, ƙasa kanta ta lalace. Ba a yi nisa ba Kayinu ya kashe ɗan'uwansa Habila. Yawancin hawayen da ke zuba a duniya daga wannan tushe suke fitowa, watau mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, mai kwaɗayi ya sayar da maƙwabcinsa. Yaron Oshogun bai yi wa kowa laifi ba da aka sa masa igiya. Saboda haka in wani ya ce maka wahalarka shaida ce Allah yana fushi da kai, ka tuna da Ayuba, wanda abokansa suka yi masa irin wannan zato, Allah kuwa ya tsauta musu. Ka tuna kuma da mutumin nan da aka haifa makaho, wanda Ubangijinmu ya wanke shi da iyayensa daga zargi.

Cikin watan Afrilu na 1822 aka zuba Ajayi a jirgin bayi tare da mutum fiye da 180, za a haye teku da su. Amma tun 1807 Ingila ta hana fataucin bayi, ta sa jiragen yaƙi suna tsaron gaɓar teku. Jirgin bai yi nisa da Ikko ba suka tare shi. Da aka hau da yaron jirgin Ingilishi, ya ga naman alade a rataye, ya ga harsasan igwa a tare wuri ɗaya, sai ya ɗauka naman 'yan'uwansa ne da kawunansu, ya ce tasa ta ƙare. Ashe ranar 'yancinsa ce. Haka mu ma, sau da dama muna cikin hannun Mai Ceto muna rawar jiki, domin idonmu bai kai ga ƙarshen al'amari ba.

Aka sauke shi a Saliyo, ƙasar da ake zaunar da 'yantattun bayi, masu bishara na C.M.S. suka karɓe shi. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuila Crowther. A 1827 ya zama ɗalibi na fari a makarantar Fourah Bay, ya fito malami. Ya auri wata yarinya mai suna Asano, watau Hassana, wadda ita ma daga jirgin bayi aka cece ta. A 1841 ya shigo Kwara tare da Schön, Bajamushen nan da ya ba da ransa ga koyon Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 a tafiyar nan, aka koma ba a cika nufi ba. Amma daga wannan hasara aka gane bishara ba za ta kafu a bakin kogi ba sai ta bakin 'ya'yan ƙasa. A 1843 aka naɗa shi mai hidimar ikkilisiya a Ingila, aka aike shi ƙasarsu.

A Abekuta, cikin 1846, bayan shekara 25 da rabuwa, aka kawo masa wata tsohuwa. Uwarsa ce, Afala. Suka rungumi juna suna kuka, magana ta gagara. Ya sami ƙannensa kuma, daga baya uwar ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma da sunan Hannatu. Wanda ya san labarin Yusufu ɗan Yakubu ba zai rasa ganin kama ba. 'Yan'uwan Yusufu sun sayar da shi da mugun nufi, Allah ya juya abin ya zama ceton rayuka masu yawa. Wannan bai wanke masu sayarwa ba, muguntarsu tana nan mugunta, za su kuwa amsa a gaban Mai Shari'a. Amma ikon Allah ya fi muguntar mutum tsawo, yakan ɗauki igiyar da aka ɗaure bawansa da ita ya jawo jama'a zuwa rai.

Kada ka zaci daga nan sai hutu. A 1854 ya hau Binuwai tare da likita Baikie. A tafiyar nan kowa ya riƙa shan kwinin kullum, ba wanda ya mutu. Ka lura da wannan, gama akwai wahalar da Allah ya ba mu maganinta a hannu. Mai bi ba ya zama ya naɗe hannu ya ce ƙaddara ce, alhali akwai asibiti, ba ya kuwa komawa wurin boka da laya. Ya nemi magani, ya tafasa ruwan sha, kada ya cika jirgi fiye da kima, sa'an nan ya danƙa sauran ga Ubangiji.

A 1857 ya sake hawa Kwara, ya kafa aiki a Anaca, yana da niyyar isa Sakkwato da bishara. Kusa da Jebba jirginsu ya bugi dutse ya fashe, suka tsira da ransu, suka yi zaman bukka a bakin kogi wata da watanni suna jiran wani jirgi. Wani da sai ya zauna yana gunaguni. Shi kuwa ya shiga koyon Nufanci, yana ziyartar Raba, yana sabawa da mutane, har daga baya ya rubuta littattafan koyon harshen. A ƙarshen 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, ta haɗa da takardun juyi da kalmomi da karin magana na Yarabanci da ya yi shekara 11 yana tarawa. Ya sake ɗaukar alƙalami. Kafin ya mutu Yarabawa sun sami Littafi Mai Tsarki duka a bakinsu, yawancin aikin kuwa a hannunsa ya bi.

Ran 29 ga Yuni 1864, a babbar majami'ar Kantabari, aka naɗa shi bishop, baƙin mutum na fari da ya sami wannan matsayi a ikkilisiyar Ingila. Cikin taron akwai shugaban jirgin yaƙin da ya cece shi shekara 42 da suka wuce. Girma kuwa bai kare shi daga tsanani ba. A 1867 wani basarake mai suna Aboko ya kama shi da ɗansa Dandeson kusa da Ida, ya tsare su yana neman fansa. Wani Bature mai suna Fell ya zo ya kuɓutar da su, kibiya mai dafi ta same shi, ya mutu. Bishop ya rayu da sanin wani ya ba da ransa dominsa.

Ka dubi kuma zamansa da Musulmi. Ko da ya ke ya sha ɗacin bauta, bai riƙe kowa a zuci ba. Yakan je Bida, wadda ke bin Gwandu a zamanin nan, ya gai da sarki da ladabi, ya ba da kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, ya amsa tambayar malamai daga cikin Littafin ba da zagi ba. Suka amince da shi har Sarkin Nufe Maliki ya aika a roƙe shi ya kai kuka wurin Sarauniyar Ingila a hana kawo barasa ƙasarsa. Kai da danginka suka ƙi cin abinci tare da kai, ga gurbin da za ka bi. Ka ci gaba da gaishe su, ka je musu jana'iza da suna, ka taya su aikin gona. Mahaƙurci mawadaci ne.

Wuyar da ta fi duka zafi ta same shi da tsufa, daga cikin gida kuma ta fito. A 1880 matarsa ta rasu. A 1890 waɗansu samarin Turawa masu bishara suka iso Lakwaja da ƙwazon shiga ƙasar Hausa. Suka duba aikin bakin kogi suka rena shi. Gaskiya ne akwai waɗansu ma'aikata da suka yi abin kunya, amma samarin nan suka haɗa mai laifi da marar laifi. A taron da aka yi a Anaca cikin watan Agusta suka dakatar da ma'aikata 'yan ƙasa a gaban idon bishop, har da ɗansa, ba su ga girman furfurarsa ba. Tsoho mai shekara wajen 80 ya faɗi gaskiya a fili, ya nuna abin da aka yi ba daidai ba ne, ya sauka daga shugabancin taron. Bai zagi kowa ba, bai kuwa bar ikkilisiya ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891, aka sa Bature a gurbinsa.

Ban ɓoye maka wannan ba, ɗan'uwana, domin wata rana mai yiwuwa wanda zai ɓata maka rai ɗan'uwa ne cikin ikkilisiya. In ranar ta zo, ka tuna wurin Kristi ka zo, shi kuwa almajirinsa ne ya bashe shi, wani ya yi musun saninsa, sauran suka gudu. Allahnmu bai tsaya daga nesa yana kallon wahalarmu ba. Cikin Ɗansa ya ji yunwa da gajiya, ya yi kuka a kabarin Li'azaru, aka yi masa bulala, aka gicciye shi ba da laifi ba, a rana ta uku ya tashi. Tashin nan shi ne jinginarmu, cewa wahala tana da iyaka, akwai kuma ranar da za a share hawaye duka.

Ajayi bai ga sakamako da idonsa ba, bai kuwa taɓa isa Sakkwato ba. Amma a 1932 Littafi Mai Tsarki duka ya fito da Hausa, ta hannun likita Miller na Zariya da abokan aikinsa, bishara kuwa ta hau kogi har ta iso gare ka. A 2014, da aka cika shekara 150 da naɗinsa, babban bishop na Kantabari ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi, ya furta tuba a kan abin da aka yi masa. Komai nisan dare gari zai waye, ko da wanda ya kwana yana jira bai ga fitowar rana a wannan duniya ba.

To, in wahala ta zo maka, ka fara bincika zuciyarka. In akwai zunubin da ya jawo ta, kamar shan barasa ko cin amana, ka tuba ka gyara. In babu, kada ka ɗora wa kanka laifin da Allah bai ɗora maka ba. Ka kai kukanka gare shi cikin addu'a, ba kunya ba ne mai bi ya yi kuka. Kada ka ware kanka, ka faɗa wa dattawan ikkilisiya abin da ke damunka, in kuwa tunanin hallaka kanka ya zo maka kamar yadda ya zo wa yaron nan, ka gaya wa wani tun a ranar. Ka kama aikin da ke gabanka, ko a bukkar bakin kogi ka sami kanka. Sa'an nan ka duba maƙwabcinka wanda ruwa ya cinye gonarsa, ko Kirista ne ko Musulmi, ka raba hatsinka da shi. Ubangiji ya ba ka jimiri har matuƙa, ya tsare ka cikin salamarsa. Amin.