Subrata Mitra, Wanda Ya Yi Sararin Sama Da Farin Yadi

Da yawa daga cikinmu mun tashi muna kallon fina-finan Indiya, mun haddace sunayen jarumai, amma da wuya a sami wanda ya san sunan mai riƙe da kyamara. A wannan fitowar mun kawo muku tarihin ɗaya daga cikinsu, mutumin da ya koya wa masu shirya fim yadda ake tausasa haske har ya taɓa zuciyar mai kallo.

An haifi Subrata Mitra ranar 12 ga Oktoba, 1930, a birnin Kalkata da ke yankin Bengal na ƙasar Indiya. Tun yana ɗan makaranta yake son zuwa silima kallon fina-finan Ingila da Amurka, daga baya ya kama ɗaukar hoto da ƙaramar kyamara. Yana da kimanin shekara 19 sai wani babban darakta ɗan Faransa, Jean Renoir, ya zo Kalkata ɗaukar fim ɗinsa mai suna The River. Mitra ya nemi aiki a wurin bai samu ba, sai aka ba shi izinin tsayawa ya kalla kawai. Bai raina wannan dama ba. Kullum yana gefe da littafinsa, yana rubuta inda aka kafa kowace fitila, yana zana yadda hasken ya sauka a fuskar 'yan wasa.

A nan ya haɗu da Satyajit Ray, wani matashi mai zane a kamfanin talla, wanda ke burin shirya fim nasa na kansa. Da Ray ya tashi fara Pather Panchali a 1952, sai ya damƙa wa Mitra kyamara, alhali bai wuce shekara 22 ba, kuma bai taɓa ɗaukar fim ko na minti ɗaya ba. Kuɗi suka yi ta yankewa, har sai da aka jinginar da gwala-gwalan matar Ray, aikin ya ja kusan shekara uku kafin gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta taimaka aka kammala. Fim ɗin ya fito a 1955, kuma a 1956 ya sami lambar yabo a bikin fina-finai na Cannes a Faransa.

Labarin wasu yara ne biyu, Apu da yayarsa Durga, 'ya'yan talakawa a ƙauye. An ɗauki yawancinsa a waje da hasken rana. Ranar da yaran suka ruga cikin fili don ganin jirgin ƙasa, komai fes yake, mai kallo yana jin daɗinsu a ransa. A daren da Durga ke kwance cikin zazzaɓi kuwa, iska na kaɗa ƙofa, 'yar fitilar mai tana rawa kamar za ta mutu, sauran ɗakin duhu. Tun kafin wani ya buɗe baki ka san ba lafiya.

Abin da ya fi fito da sunan Mitra ya faru ne a fim na biyu, Aparajito, na 1956. Ana buƙatar tsakar gida irin ta tsofaffin gidajen birnin Banaras, wadda katangu masu tsawo suka kewaye, rana ba ta faɗowa ciki kai tsaye, sai wani haske mai laushi da ke saukowa daga sama ba tare da inuwa ba. An so a gina ta a fili, amma mai tsara wurin ɗauka, Bansi Chandragupta, ya ji tsoron ruwan damina, sai aka gina ta a cikin sutudiyo a Kalkata. Nan matsala ta taso. A wancan zamani fitilun sutudiyo ana haska su ne kai tsaye a kan mutum, sai ka ga ɗan wasa ɗaya da inuwa biyu ko uku a bango, kowa ya gane ƙarya ce.

Mitra ya sa aka shimfiɗa farin yadi a saman tsakar gidan kamar rumfa. Ya juya fitilun, ya daina haska 'yan wasa, ya haska yadin. Hasken ya bugi yadin ya dawo ƙasa a warwatse, a tausashe, tamkar na sararin sama. Masu kallo suka kasa bambanta abin da aka ɗauka a Banaras da wanda aka ɗauka a sutudiyo. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Venice na Italiya a 1957. Yau wannan dabara ta mayar da haske daga wani farin abu ta zama ruwan dare a duniyar fim.

Ya ɗauki wa Ray fina-finai 10, na ƙarshe shi ne Nayak a 1966. A cikin Jalsaghar na 1958, labarin wani mai dukiya da arzikinsa ya ƙare, kyandirorin babbar fitilar zaurensa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma duhun da ke shigowa shi ke gaya maka zamaninsa ya wuce. Ya kuma yi aiki da darakta James Ivory a fina-finai huɗu, ya ɗauki Teesri Kasam wanda Raj Kapoor ya fito a ciki. A 1986 gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girmamawa ta Padma Shri. Shekarunsa na ƙarshe ya yi su yana koyar da ɗalibai a makarantar fim ta Kalkata da aka sa wa sunan Satyajit Ray, har ya mutu ranar 7 ga Disamba, 2001.

'Yan uwa masu ɗaukar wasan kwaikwayo da waya, kada rashin kayan aiki ya hana ku. Kafin ku danna ɗauka, ku tambayi kanku: me muke so mai kallo ya ji a nan, kuma daga ina haske ke shigowa a irin wannan wuri? Idan tausayi kuke nema, ku haska tocila a farin bango ko farin kwali ya dawo kan fuska. Idan fargaba ce, ku kashe sauran fitilu, ku bar guda ɗaya a gefe, rabin fuskar ya zauna cikin duhu. Ku riƙe littafi ku riƙa rubuta yadda rana ke shiga ajinku da hantsi da la'asar, kamar yadda Mitra ya yi tun kafin a ba shi kyamara.