Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar 'Yan Taru (1793-1864)

'Yan uwa mazauna Yerwa, sau da yawa idan aka ce wata ɗiyarmu tana karatun nazarin rayuwar mata a jami'a, sai ka ji ana tambaya, wai wannan kuma wane irin karatu ne? To, ga tarihin wata baiwar Allah daga ƙasarmu ta asali, kowa ya yi wa kansa alƙalanci.

An haifi Nana Asma'u a Degel cikin 1793, ita da abokin tagwaicinta Hassan. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ta tashi cikin yaƙi da yunwa da ƙaura. Duk da haka ba ta bar allo ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi zurfi a ilimin addini, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka sun cika da mata waɗanda aka kashe wa mazaje, da waɗanda aka kamo, da yawansu ba su san ko alwala ba. Ita Nana ba ta tsaya zargin su ba, sai ta duba yadda rayuwarsu take. Ta lura matar aure mai goyo ba za ta iya barin ɗakinta ta zo Sakkwato ba. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru: dattijuwa mai amana daga ƙauye za ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta, su koyi karatu, su koma su koyar da na gida. Wannan jagora ana kiran ta jaji, kuma Nana kan naɗa ta da malfa da jan rawani. Malfar nan da ma ita ce alamar Innar Gobir, shugabar bori. Kun ga hikima: ta ɗauki abin da mata suka saba girmamawa ta mayar da shi alamar malanta.

Darussan kuwa cikin waƙa ta tsara su, don mace ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, akwai Waƙar Gewaye mai ba da tarihin jihadi. Ta yi marsiyya ga manya irin su Bello, wanda ya rasu a 1837, ta kuma yi wa talakawan mata, har da wata jajinta. Allah ya yi mata rasuwa a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru.

To, ta yaya duniya ta san wannan? Littattafan tarihi na makaranta sun daɗe suna lissafa sarakuna da mayaƙa kawai. Sai da wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ta zauna da rubuce-rubucen da ke gidan Waziri Junaidu, jikan gidan Nana, ta kuma bi tsofaffin 'Yan Taru ƙauye-ƙauye. Ta fitar da tarihinta a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack suka buga ayyukanta wajen 60 a littafi guda. Ai wannan shi ne nazarin rayuwar mata: a tambayi abin da rabin al'umma suka yi, da abin da ke damun su.

Mu a nan Borno mun fi kowa buƙatarsa. Masu masaukinmu Barebari suna da Magira da Gumsu, sarautun mata masu daɗaɗɗen tarihi. Kuma tun rikicin 2009 mun ga yadda garin nan ya cika da mata marasa mazaje da marayu. Wanda bai san yadda suke kwana suke tashi ba, ta ina zai taimake su? Saboda haka idan ɗiyarka, ko ma ɗanka, ya ce wannan fanni yake so, kada ka hana shi. Hanyar Nana ce.

Allah ya ji ƙanta, ya ba mu irinta cikin zuriyarmu, amin.