Osamu Tezuka: Likitan da ya ajiye allura ya ɗauki alƙalamin zane

Da yawa daga cikin matasan da ke kallon fina-finan katun na Japan a wayoyinsu ba su san sunan Osamu Tezuka ba, alhali shi ne ya share wa wannan sana'a hanya. Kuma likita ne mai lasisi, wanda ya zaɓi zane a kan duba marasa lafiya.

An haife shi ranar 3 ga Nuwamban 1928 a Toyonaka da ke yankin Osaka, ya tashi a garin Takarazuka. Yana matashi wata cuta ta kama hannayensa biyu har aka ji tsoron zai rasa su, sai wani likita ya yi masa magani ya warke. Wannan ne ya cusa masa sha'awar aikin likita.

A 1945, shekarar da aka kawo ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya fara karatun likita a Osaka. Ya samu lasisi a 1952, sannan digirin dakta a Nara a 1961. Amma tun 1946 jarida ta fara buga zanensa, kuma littafinsa na 1947, Shin Takarajima, ya sa sunansa ya bazu a ƙasar.

A 1961 ya kafa kamfanin Mushi Production. Ranar 1 ga Janairun 1963 tashar Fuji TV ta fara nuna Astro Boy, wanda ya kai kashi 193. A 1965 aka fitar da Jungle Emperor, labarin wani farin zaki a Afirka.

Sai dai a 1973 kamfanin ya durƙushe saboda bashi, aka fara cewa zamanin Tezuka ya wuce. A Nuwamban wannan shekarar ce mujallar Weekly Shonen Champion ta soma buga Black Jack, labarin da ya dawo masa da martabarsa, ya kuma ci masa kyautar Kodansha a 1977. An ci gaba da buga shi har 1983.

Black Jack likitan tiyata ne wanda ba shi da lasisi, amma babu wanda ya kai shi iya aiki. Yana yaro bam ya tashi da shi da mahaifiyarsa, ita ta rasu, shi kuma wani likita mai suna Honma ya ɗinke jikinsa. Ɓangaren fuskarsa ya fi duhu, domin fatar abokinsa ce mai jinin Afirka aka dasa masa. Yana caje wa masu kuɗi maƙudan kuɗaɗe, wani lokaci kuma ya yi wa talaka aiki kyauta. Abokin hamayyarsa, Dakta Kiriko, yana ganin gara a sauƙaƙa wa mai jinya mutuwa, shi kuwa Black Jack ba ya sallamawa sai inda ƙarfinsa ya ƙare.

Tambayar da labarin ke yi ba baƙuwa ba ce a wurinmu: ran mutum nawa yake, kuma wa zai biya? Iyalin da suka taɓa ɗauko mara lafiya daga Icirnawa zuwa Matameye, daga nan a tura su babban asibitin Zinder, sun san nauyinta. Haka ma ɗan ci-ranin da ake bugo wa waya tsakar dare a ce ya turo kuɗin tiyata.

Tezuka bai tsira daga suka ba. Ya sayar da Astro Boy ga talabijin da araha, kuma masu zane irin su Hayao Miyazaki sun ɗora masa alhakin ƙarancin albashin da ya dabaibaye sana'ar. An kuma soki yadda ya zana baƙaƙen fata a wasu ayyukansa, abin da ya sa masu buga littattafansa suka riƙa saka bayani a kai.

Ya rasu a Tokyo ranar 9 ga Fabrairun 1989 sakamakon ciwon daji na ciki, yana da shekara 60, bayan ya zana shafuka kusan 150,000.

Bayan rasuwarsa darakta Osamu Dezaki ya mayar da Black Jack fim ɗin katun daga 1993, ɗansa Makoto Tezuka kuma ya jagoranci na talabijin a 2004. Masu kallon Monster, labarin likitan ƙwaƙwalwa Kenzo Tenma, da Cells at Work na 2018, suna bin hanyar da ya buɗe ne. A 1994 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a Takarazuka, garin da ya yi ƙuruciyarsa.