Eglantyne Jebb: Matar Da Aka Ci Tara Don Ta Ciyar Da 'Ya'yan Abokan Gāba

Da yawanmu mun san sunan ƙungiyar Save the Children, wato Ceton Yara, mai aiki a Nijeriya da Nijar, amma kaɗan ne suka san matar da ta kafa ta. Sunanta Eglantyne Jebb. An haife ta ran 25 ga Agusta 1876 a Ellesmere ta ƙasar Ingila, a gidan wadata. Ta yi karatun tarihi a Oxford, ta kuwa taɓa koyarwa a makarantar firamare, amma ba ta daɗe ba ta bari. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, kuma ita da kanta ba ta ɓoye cewa hayaniyar yara tana gajiyar da ita ba. Wannan abu yakan ba mu mamaki ƙwarai.

A 1913 aka aike ta Masidoniya da kuɗin agaji bayan yaƙin Balkan. Can ta ga mutanen da aka kora daga ƙauyukansu, da yawansu Musulmi, suna layi cikin sanyi don ɗan abin sa wa a baka. Ta koma gida da abin a ranta.

Sai ga Yaƙin Duniya na Ɗaya. An tsagaita wuta a Nuwamba 1918, amma Ingila da ƙawayenta ba su buɗe hanyar teku da suka toshe wa Jamus da Ostiriya ba sai bayan watanni. Bindiga ta yi shiru, yunwa ba ta yi shiru ba. A birnin Biyana yara suna ta ramewa, ƙasusuwansu suna lanƙwashewa don rashin madara. Eglantyne da ƙanwarta Dorothy Buxton suka sa aka buga takardu ɗauke da hotunan yaran, aka shiga rarrabawa a dandalin Trafalgar a Landan. Hukuma ta kama ta, wai ba a nemi izinin bugawa ba. A gaban alƙali ita ta kāre kanta, aka ci ta tarar fam 5. Lauyan gwamnati da ya gabatar da ƙarar shi ne ya zaro fam 5 daga aljihunsa ya miƙa mata.

Kada mu ɗauka mutane tafi suka yi mata. Gidaje da yawa sun rasa wani a yaƙin, ga ta kuma tana roƙon a ciyar da 'ya'yan waɗanda suka kashe su. Ran 19 ga Mayu 1919, da aka taru a zauren Royal Albert don kafa asusun, waɗansu sun zo da ruɓaɓɓun 'ya'yan itace don su jefe ta. Da ta gama magana, kuɗi aka tara. Dole mu faɗi gaskiya kuma, ko da ba daɗi: shugaban ikkilisiyarta ta Angilika, Babban Bishop na Kantabari, da farko ja da baya ya yi. Sai ta nemi Paparoma Benedict na 15, ya karɓe ta a Roma, aka kuma yi baiko a majami'un Katolika ran 28 ga Disamba 1919, ranar tunawa da jariran Baitalami da Hirudus ya kashe.

A 1921 yunwa ta faɗa wa Rasha bayan yaƙin basasa da fari. Waɗansu jaridun Ingila suka yi ta sukar a kai abinci ƙasar 'yan gurguzu. Ba ta saurare su ba. Ƙungiyar ta buɗe wuraren dafa abinci a yankin Saratov, inda aka ciyar da yara wajen 300,000.

Ta lura cewa da zarar labarin yunwa ya bar jarida, baiko yakan ƙafe. Saboda haka a 1923 ta rubuta haƙƙoƙin yara guda 5 a taƙaice, a ciki har da cewa yaro ne za a fara agaza wa a lokacin masifa. Ƙungiyar ƙasashen duniya ta lokacin, wadda ta riga Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a 1924. Daga wannan tushe ne yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta tsiro.

Ciwon maƙoƙo ya daɗe yana damunta, har aka yi mata aiki ba sau ɗaya ba. Ta rasu a Janiba ran 17 ga Disamba 1928, tana da shekara 52, can kuma aka binne ta. Ikkilisiyar Ingila, wadda shugabanta ya yi jinkirin amsa mata, ta sa sunanta cikin waɗanda take tunawa da su kowace shekara a wannan rana.