Lowell Edwards: injiniyan famfo da ya ƙera wa zuciya bawul

A shekarar 1958, wani dattijo mai shekara 60 ya shiga ofishin wani matashin likitan tiyata a birnin Portland na jihar Oregon da ke Amurka, da buƙatar da ta yi kama da mafarki: yana son su haɗa kai su ƙera zuciya sukutum. Dattijon shi ne Miles Lowell Edwards, wanda bai taɓa karatun likitanci ba. Likitan kuwa Albert Starr ne, ɗan shekara 32. Starr ya shawo kansa cewa su fara da abin da hannu zai iya kaiwa, wato bawul, ƙyauren nan da ke buɗewa jini ya wuce, ya kuma rufe don kada ya komo.

An haifi Edwards a garin Newberg na Oregon a 1898. Yana yaro zazzaɓin rumatik ya kwantar da shi, cutar da kan biyo bayan ciwon maƙogwaron da ba a magance ba, ta kuma bar tabo a bawul ɗin zuciya. Ya kammala karatun injiniyan lantarki a 1924, amma a harkar famfo ya yi suna. Ya ƙera na'urar da ke ɓare ɓawon gungumen itace da ƙarfin ruwa, sannan ya ƙirƙiro famfon da ke tura mai ga injin jirgin sama ko da jirgin ya lula cikin samaniya, wanda jiragen yaƙin Amurka suka dogara da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan famfo ya azurta shi, kuma da dukiyar ya ɗauki nauyin sabon aikin. A idonsa, zuciya ma famfo ce.

Gwajin farko a kan karnuka bai yi daɗi ba, domin jini yakan daskare a jikin bawul ɗin ya toshe shi. Bayan sauye-sauye da dama, suka tsaya a kan ƙwallon roba ta silikon da ke cikin ɗan keji: jini ya tunkuɗo ta hanya ta buɗe, ya juyo ta koma ta toshe. Mace ta farko da aka sanya wa a watan Agustan 1960 ta rasu jim kaɗan bayan aikin. A ranar 21 ga Satumba na shekarar, Starr ya sanya wa wani mutum mai shekara 52 bawul ɗin maitiral, wanda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagun zuciya. Mutumin ya warke, ya rayu shekaru masu yawa, kuma faɗowa daga tsani ce ta zama ajalinsa. Cikin 'yan shekaru, ana sauya bawul biyu, har uku, a tiyata ɗaya.

Sai dai nasarar ta zo da sharaɗi. Jini ba ya shiri da baƙon abu, don haka mai bawul na ƙarfe dole ya sha maganin tsinka jini, wafarin, har ƙarshen ransa, yana kuma zuwa awon jini a kai a kai. Maganin ya gaza, gudan jini na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ya yi yawa, zubar jini ta biyo baya. Wannan ne ya sa likitan Faransa Alain Carpentier ya duƙufa a kan bawul na nama, wanda ake sarrafawa daga zuciyar alade, daga baya kuma daga tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya. Kamfanin da Edwards ya kafa a Kalifoniya, wanda ya sayar a 1966, shi ne ya fito da bawul ɗin Carpentier kasuwa. Ta haka sunan mutum ɗaya ya hau kan kishiyoyi biyu.

Zaɓin da ke gaban majinyaci a yau ya samo asali daga nan. Na ƙarfe, wanda yanzu galibi da kabon ake yin sa, kan daɗe har ƙarshen rayuwa, amma da wafarin. Na nama yawanci ba ya tilasta shan maganin har abada, sai dai yakan lalace cikin shekara 10 zuwa 20, kuma ya fi saurin lalacewa a jikin matashi, abin da ke nufin sake buɗe ƙirji. Shi ya sa likitoci kan karkata ga na ƙarfe ga masu ƙananan shekaru, na nama kuma ga wanda ya haura 65. Idan bawul biyu ne, maitiral da ayotik, akan sanya iri ɗaya, domin gauraya na haɗa wa mutum wahala biyu: shan magani kullum da kuma fargabar sabuwar tiyata. Mace mai son haihuwa ta fi kowa shiga tsaka mai wuya, tunda wafarin na iya cutar da ɗan tayi.

Edwards ya rasu a 1982, yana da shekara 84, bai ƙera zuciyar da ya yi buri ba. Cutar da ta kwantar da shi yana yaro kusan ta ɓace a ƙasarsa, amma har yanzu tana damun fiye da mutum miliyan 40 a duniya, tana kashe fiye da 300,000 duk shekara, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda ta fi ƙamari. A 2018 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da ƙudurin yaƙar ta. Matashin da ke wani ƙauye a Jigawa ko Maraɗi, idan ma ya samu kuɗin tiyata, nisan ɗakin awon jini na iya yanke masa zaɓin kafin likita ya buɗe baki. Alhali fenisilin mai arha da ake ba yaro mai irin wannan ciwon maƙogwaro a asibitin unguwa kan iya hana tafiyar tun daga tushe. Wannan kuwa aikin masu rubuta kasafin kuɗi ne, kuma masu zaɓe na da damar tambayarsu a kai.