Eugene Houdry: Injiniyan da ya tace wa jiragen yaƙi mai

An haifi Eugene Houdry ranar 18 ga Afrilu, 1892, a garin Domont kusa da birnin Paris na ƙasar Faransa. Ya karanci injiniyanci, sannan ya shiga rundunar tankokin yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda aka ji masa rauni a 1917.

Bayan yaƙin, sha'awar tseren motoci ta kai shi ga matsalar da ta addabi injiniyoyin zamanin. Idan inji ya matse fetur mara inganci, yakan kama da wuta kafin lokaci, injin ya riƙa ƙwanƙwasa, ƙarfinsa ya ragu. Juriyar fetur ga wannan matsi ita ake aunawa da lambar oktan.

Houdry ya fara da ƙoƙarin samar da fetur daga kwal, amma gwamnatin Faransa ta janye tallafinta. A 1930 ya koma Amurka da wata dabara: a bi da tururin mai nauyi ta cikin wani irin yumɓu mai zafi, wanda ke farfasa shi ya zama fetur mai oktan mai yawa. Idan baƙin gawayi ya toshe yumɓun, sai a ƙone shi da iska a ci gaba da aiki. A 1937 kamfanin Sun Oil ya buɗe babbar matata irin wannan ta farko a Marcus Hook, jihar Pennsylvania.

Amfanin dabarar ya bayyana a 1940, lokacin da jiragen Spitfire da Hurricane na Birtaniya suka bar mai oktan 87 suka koma mai 100. Wannan ya ba injinansu damar jure matsi mai yawa, suka ƙara sauri da kuzarin hawa sama, alhali yawancin jiragen Jamus na shan mai oktan 87. Zuwa 1942, matatun Houdry 14 na samar da fetur ɗin da ake haɗa man jiragen da shi.

Goyon bayansa ga Janar de Gaulle ya sa gwamnatin Vichy ta ƙwace masa shaidar zama ɗan Faransa, ya zama Ba'amurke a 1942.

A ƙarshen rayuwarsa ya ƙirƙiro na'urar tace hayaƙin mota, sai dai dalmar da ke cikin fetur na lalata ta. Ya rasu ranar 18 ga Yuli, 1962, shekara 13 kafin irin na'urar ta yaɗu a sababbin motocin Amurka.